Yadda ake karanta manga da tara littattafan zane a Sakkwato ba tare da gara da zafi sun gama da su ba

Ran da na fara shigowa gidanmu na Mabera da manga a hannu, Kawu yana zaune a zaure yana jan carbi. Da ya ga na buɗe littafin ta dama, sai ya miƙo hannu: "Ɗana, wanga littahin Larabci na?" Na ce a'a Kawu, na mutanen Japan ne. Ya jujjuya shi, ya ƙura wa zanen ido, sannan ya mayar mini yana cewa, "To, ko ba komi sun san ta inda aka hwara karatu."

An kwana biyu da yin wannan. Littattafan da na saya tun daga ranar suna da yawa, amma waɗanda ke kan kantata yau ba su kai rabinsu ba. Gara ta ci nata rabo, zafin bazara ya zubar da shafukan wasu, 'yan aro suka yi gaba da saura. Shi ya sa duk ƙanen da ya zo yana tambayata yadda ake tara irin waɗannan littattafai, nakan ce masa saye shi ne mai sauƙi. A garin nan, riƙe littafi shi ne aikin.

Kayan da za ka tanada

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin littafin farko ya iso, ka nemi waɗannan:

- Akwatin roba mai murfin da ke kamawa gam. In babu, akwatin ƙarfe irin na 'yan makarantar kwana, muddin bai yi tsatsa ba. Kwali kam a'a, abincin gara ne.
- Farar leda mai haske, mai ƙara idan an taɓa, irin wadda ake saka sabuwar riga ko hula a ciki. Baƙar ledar cefane ba ta yi.
- 'Yan ƙunshin silika, waɗannan ƙananan fakitin da ake samu a kwalin sabon takalmi ko jaka. Masu sayar da takalma zubar da su suke yi, roƙa kawai za ka yi.
- Kafur, ko busasshen ganyen dogon yaro, ko kanumfari.
- Buroshin fenti sabo mai laushi, da tsumma busasshe.
- Farin gam na kafinta, da allunan katako biyu masu santsi da suka ɗan fi littafin girma.
- Fensir, da littafin rubutu guda da zai zama rajistarka.
- Bulo biyu ko huɗu, ko ƙaramin benci na ƙarfe.
- Waya mai ɗan data.

1. San irin abin da ke hannunka

Mu dai duka "kwamik" muke ce musu, amma ba jinsi ɗaya ba ne, kuma ajiyarsu ta bambanta.

Manga na Japan ne. Baƙi da fari ne, ɗan ƙarami mai kauri, kusan shafi 200, an manne bayansa da gam. A can labarin yakan fara fita babi-babi a mujalla, kamar Weekly Shonen Jump da kamfanin Shueisha ke bugawa tun 1968, daga baya a tattara babi takwas zuwa goma sha ɗaya a juzu'i guda. Juzu'an su ne muke tarawa.

Na Amurka, irin na Marvel da DC, masu launi ne. Akwai sirara masu kamar shafi 32 da ke fita wata-wata, an ɗinke su da ƙusar waya a tsakiya, akwai kuma masu kauri da suka haɗa fitowa biyar ko shida. Shawarata ga mai farawa, ya nemi masu kaurin. Sirarar tsintuwa ce: yau ka sami lamba 14, ba za ka ƙara ganin 15 ba har ka yi furfura.

Na Faransa da Beljiyam manya ne, masu bango mai tauri, kimanin shafi 48. Su ne suka fi jure wahalar ƙasarmu. Namu na gida ma akwai. Comic Republic ta Legas tana fitar da nata tun 2013, kuma Roye Okupe ya yi Malika, wadda ya ɗauko hasken labarinta daga Sarauniya Amina ta Zazzau.

2. Koyi bin shafi

Nan ne mu 'yan makarantar allo muka fi mutanen Turai sa'a. Su sai an buga musu gargaɗi a shafin ƙarshe cewa sun buɗe littafin a baibai. Kai kuwa da ka saba da Ajami, hannunka da kansa zai kai ka.

Ajiye littafin gadon bayansa yana damanka, ka buɗe bango daga hagu zuwa dama. Idan shafi biyu suka bayyana, na dama ne farko. Kowane shafi an raba shi gida-gida, kamar gidajen dara amma ba girma ɗaya ba. Fara da gidan da ke sama ta dama, ka bi zuwa hagu, idan layi ya ƙare ka sauko ka sake farawa daga dama. A cikin gida ɗaya ma haka: da'irar maganar da ta fi sama kuma ta fi dama ita ce farko.

Inda Ajami ya rabu da kai shi ne cikin da'irar. Idan fassarar Turanci ce ko Faransanci, kalmomin daga hagu ake karanta su kamar kowane boko. Wato ido yana tafiya ta dama tsakanin gidaje, yana shiga da'ira ya juya. Kwana biyu na farko za ka ji kanka yana ɗaurewa, ranar uku ka manta da akwai matsala.

Kuskuren da kowa ke yi yana wajen dogon gida. Wani lokaci mai zane yakan tsayar da gida ɗaya dogo daga sama har ƙasa a gefen dama, ya jera ƙanana biyu ko uku a hagunsa. Ka gama da dogon tukuna, sannan ka bi ƙananan daga sama zuwa ƙasa. In kuwa jerin ƙananan ne a dama, gama su duka kafin ka tsallaka. Alamar ka kauce ita ce ka ga an ba da amsa kafin a yi tambaya. Da ka ga haka, koma baya gida ɗaya.

Akwai wasu alamu da ba wanda zai fassara maka. Idan filin da ke tsakanin gidaje ya koma baƙi, galibi an koma labarin baya ne, abin da ya faru tuntuni. Ƙaton ɗigon gumi a gefen kai kunya ce ko rasa abin faɗa. Wata 'yar alama kamar jijiya ta tashi a goshi, fushi ne. Da'ira mai ƙayoyi ihu ce, mai kama da gajimare tunani ne. Sannan akwai kalmomin girmamawa da masu fassara ke bari yadda suke. "Sensei" Malam ne, "senpai" wanda ya girme ka a makaranta ko wurin aiki, kamar ka ce Yaya. "San" a ƙarshen suna ladabi ne, "kun" da "chan" na yara ne da na wasa. Bahaushe ba ya shan wahala a nan, don mu ma ba ma kiran babba da gatsal.

Abu na ƙarshe: kada ka yi gudu. Wanda ya saba da littafin rubutu zalla yakan karanta magana ya tsallake zane, ya gama juzu'i a minti goma sha biyar, ya ce an cuce shi. Rabin labarin yana fuska da hannu da inuwa. Shafin da babu magana ko ɗaya, shi ne ya fi cancanta ka tsaya a kansa.

Na Amurka da na Faransa da namu na gida daga hagu ake karanta su. Na Koriya da ake karantawa a waya kuwa ƙasa kawai ake ja.

3. Ɗanɗana a waya kafin ka fitar da kuɗi

Shueisha ta buɗe manhajar Manga Plus a 2019. A labarai da yawa tana ba da babi uku na farko da uku na baya-bayan nan kyauta, kuma da izinin masu abin. Babi uku sun isa ka san ko labari zai zauna maka. Sauran shafukan da ke zuba komai kyauta, ban da kasancewar kayan sata ne, tallace-tallacen da ke faɗo maka a cikinsu ba abin da za ka so ƙanwarka ta leƙo ta gani ba ne.

Wannan ya kawo mu maganar da ba a so a yi, amma dole. Ba kowane littafi mai zane ne na yara ba. Japanawa sun kasa su: "shonen" na samari matasa, "shojo" na 'yan mata, "seinen" da "josei" na manya. Bugun Turanci na kamfanin Viz yana da harafi a bangon baya: A na kowa da kowa, T daga shekara 13, T+ daga 16, M na manya zalla. Ni ban shigo da mai M gida, mai T+ ma sai na bi shi shafi-shafi. Ma'aunin nasu ba namu ba ne; abin da suka ce ya dace da ɗan shekara 13, wani lokaci akwai shigar da ba ta dace ba, ko labarin alloli da tsafi da sai an zauna an yi wa yaro bayani. Idan kuma a gidanku ana ƙyamar hoto gaba ɗaya, kada ka yi fito-na-fito da magabata a kan littafin zane. Tambayi malaminka, ka bi abin da ya ce. Kuma ko ina ka ajiye su, kada ka haɗa su kanta ɗaya da Alƙur'ani da littattafan addini, balle ka ɗora su a kai.

4. Ƙirga juzu'ai tun kafin ka fara

Wannan lissafin ne ke raba mai tarawa da mai tara ɓaraguzai. One Piece ya fara a 1997, ya wuce juzu'i 100 kuma bai ƙare ba. Naruto 72 ne. Fullmetal Alchemist 27, Demon Slayer 23. Farashin da ake bugawa a bayan juzu'i ɗaya na Turanci yakan kama dala 10 zuwa 12, kafin kuɗin jirgi da ribar ɗan kasuwa da kuɗin mota daga Legas. Ninka wannan sau 72 da canjin yau, ka ga ko aljihunka zai yi dariya.

Fara da labarin da ya riga ya ƙare, wanda bai wuce juzu'i talatin ba, kuma labari ɗaya tak. Na taɓa riƙe juzu'i na 1 na labarai tara daban-daban, ba wanda na san ƙarshensa. In dogon labari ne ya kama zuciyarka, akwai bugun da ke haɗa juzu'i uku a littafi ɗaya. Ya fi araha, sai dai takardarsa ta fi sirantaka, kuma kaurinsa yana sa baya ya karye da wuri a zafinmu. Wata dabarar ita ce adashi: ku huɗu ko biyar ku riƙa zubi duk wata, kowa da labarin da ya ɗauka, kuna musanya. Amma ku rubuta tun farko wane littafi na wane ne. Na ga abota ta lalace a kan wannan.

5. Inda ake samu, da yadda ake dubawa

Shagunan littattafan garin nan na addini da na makaranta suka fi cika su, kuma haka ya kamata. Namu kaya sai an yi farauta. Masu baza gwanjon littattafai a ƙasa, a gefen kasuwa da bakin makarantu, su ne farkon zuwa. Kada ka ce musu manga, ba za su gane ba. Ka ce, "Alhaji, akwai masu zanen nan na yara?" Sau da yawa suna can ƙasan tari, don ba a ɗauke su a bakin komai ba. Idan ka saba da mutum ɗaya, ka bar masa lambarka, ya riƙa ware maka in an kwance sabon buhu.

Sai ɗaliban Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke dawowa daga hutu a Legas, Abuja ko Kaduna. Ƙarshen zango, lokacin da aljihu ya bushe, ake samun masu sayarwa. Mai jin Faransanci kuma, ko mai son koyo, ya yi magana da masu bin hanyar Illela zuwa Ƙonni, don na Faransa ta Nijar suka fi shigowa. Saura kuma sai intanet: masu sayarwa a Instagram da WhatsApp, a yi maka webil zuwa tasha.

Idan littafin yana hannunka, ga yadda nake yi. In riƙe shi ta bango biyu in girgiza a hankali, in ga ko shafi zai leƙo. In shinshina; warin ruma yana nufin ya sha ruwa, kuma fumfuna tana yaɗuwa zuwa sauran littattafai. In duba gadon baya ko akwai farin layin karaya. In bi shafi goma na farko da goma na ƙarshe, don nan yara ke yagewa. In ɗaga shi ga haske in nemi ƙananan huji.

Idan daga nesa ne, hoto bai isa ba. Ka ce a yi maka bidiyo: a nuna gadon bayan dukkan juzu'an a jere lambobinsu na fitowa, a buɗe biyu ko uku a tsakiya. Ka ce a naɗe a leda kafin a sa a kwali, a rubuta lambarka a jiki ba a takardar da za ta ɓalle ba. Kuma ka je tasha ranar da kaya suka iso. Kwalin da ya kwana uku a rana a tasha, ko a ƙarƙashin jarkar manja, ba sai na gaya maka ba. In za ka yi oda daga waje, yi amfani da lambar ISBN mai lamba 13 da ke bayan littafi, wadda ke farawa da 978 ko 979, don kada a kawo maka na Jamusanci ko na Sifaniyanci.

6. Gane jabu

Araha ba ta ado. Wata shekara na ga wani yana tallan cikakken labari, juzu'i ashirin da wani abu, sabo fil a leda, a kuɗin da ko biyar na gaske ba za su saya ba. Na tura kuɗi jikina na rawa. Da kwalin ya iso na zauna a tabarma na buɗe na farko, sai na ga baƙin ya yi toka-toka kamar hotokwafin da tawada ta kusa ƙarewa. Inuwar da ake yi da ƙananan ɗigo a fuskoki ta koma wasu layuka masu rawa a ido. A juzu'i na 9, wuƙar yanka ta cinye rabin maganar da ke gefen shafi, na 14 kuwa shafi goma sha shida aka maimaita, wasu sha shidan babu su. Kafin damina ta faɗi, uku sun zubar da 'ya'yansu.

Alamomin ke nan: baƙi marar ƙarfi, inuwa mai rawa, takarda fara fat mai santsi kamar ta ofis, tsayin juzu'ai bai daidaita ba idan an jera, launin bango ya yi duhu ko ya kwaɓe. Lambar ISBN ba hujja ba ce, ita ma kwafarta suke yi. In kana da na gaske ko ɗaya, ajiye su gefe da gefe, gani ya kori ji.

7. Killace baƙo

Littafin gwanjo ba ya shiga cikin 'yan'uwansa ranar da ya zo. Fita da shi inuwa, ka riƙe shi a rufe gam, ka share gefuna uku da buroshi daga baya zuwa waje. Sannan ka bi tsakanin shafuka kana kaɗe ƙura da ƙwan ƙwari. Sa shi a leda shi kaɗai da ƙwayar kafur ɗaya da ka naɗe a takarda, ka ajiye mako biyu. In ka ga garin takarda a ƙasan ledar, akwai mai rai a ciki.

Mai firizar da ba ta ɗaukewa, irin mai sola, yana iya ɗaure littafin a leda biyu ya sa shi mako guda, sanyi ya kashe komai. In ya fito a bar shi a ledar yini ɗaya kafin a buɗe, don raɓa ta sauka a kan leda ba takarda ba. Da wutar da ke zuwa tana tafiya kam kada ka gwada, jiƙa shi kawai za ka yi. Kada kuma ka ce za ka shanya shi a rana ƙwari su mutu. Za su mutu, littafin ma ya bi su.

Daga nan ka rubuta shi a rajista: suna, lambar juzu'i, ranar saye, inda ka saya, da lahanin da ya zo da shi. Sunanka kuma da fensir a cikin bango, ba biro ba.

8. Ajiya, kaka da kaka

Garin nan ya san riƙon takarda tun kafin a haifi kakanninmu. Rubuce-rubucen zamanin Shehu da Sarkin Musulmi Bello da Nana Asma'u sun kawo yau ne saboda malamai sun matse su tsakanin alluna, sun naɗe da fata, sun sa a gafaka, sun rataye nesa da ƙasa. Ba ina haɗa darajar waɗancan da littafin zane ba, Allah ya kiyaye. Dabarar nake aro: a matse, a rufe, a ɗaga sama, a riƙa dubawa.

Zaɓi wuri tukuna. Ba jikin bangon da rana ke duka da la'asar ba, ba kusa da taga ba, ba saman kanta dab da rufin kwano ba, musamman ɗakin da babu sili. Ba bangon da ke haɗe da banɗaki ba. Ɗora akwatin a kan bulo ko benci, ka bar taƙi guda tsakaninsa da bango, yadda za ka iya leƙa bayansa. Manga a tsaye ake jera shi, a matse daidai yadda yatsa ɗaya zai zaro shi. In ya jingina ya karkace, haka zai bushe. Manyan na Faransa da sirarar Amurka a kwance, kada tarin ya wuce goma. Kafur ko ganyen dogon yaro a ƙulle a tsumma a kusurwa, kada ya taɓa takarda. Kafur guba ne kuma kama yake da alewa, in akwai yara a ɗakin ka tsaya ga ganye da kanumfari, kana sauyawa duk wata biyu.

Bazara. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura maki 40, gam ne ke shan wuya. Wata ranar Afrilu na bar juzu'i a kan kujerar babur na shiga sallar Azahar, na tsaya gaisawa da mutane. Da na fito na ɗauka, bangon ne kawai ya biyo hannuna, shafukan suka zube ƙasa kamar an watsa kati, yara suna taya ni tsinta. Tun ranar ba na barin littafi a mota, a babur, ko a jakar da rana ke duka. Littafin da ya ɗauki zafi, bar shi ya huce a rufe kafin ka buɗe. Kuma kada ka taɓa naɗe bango baya kamar jarida. Takardar manga mai araha ce tun asali, haske da zafi ne ke mayar da ita ruwan ƙasa, don haka duhu abokinka ne.

Damina. Daga Yuni zuwa Satumba gara ce sarauniya. Kwali guda cur na rasa a wata damina da na yi tafiyar sati uku. Daga waje lafiya lau. Da na ɗaga, gindin ya zauna a ƙasa, ciki ya koma ƙasa da laka, bangaye kawai suka rage kamar ɓawon gyaɗa. Duk Juma'a ka ja akwatin ka duba bango da ƙasa. Da ka ga siririyar hanyar laka tana hawa, kwashe littattafan daga ɗakin a ranar, sannan a yi maganin garar. Kada ka fesa maganin ƙwari a kan takarda. Lokacin ne kuma silika ke aiki: zuba biyar ko shida a akwati, duk wata ka shanya su a rana ka mayar. Kada ka rufe littafi a leda ranar da ake ruwa, laimar za ka ɗaure a ciki. Sirarar Amurka kuma duba ƙusoshinsu, tsatsa tana cin takarda.

Hunturu. Ƙura tana shiga ko'ina, har cikin akwatin da ka rantse a rufe yake. Leda da murfi su ne magani, da buroshi duk mako ga waɗanda ke kan kanta. Tsumma mai laima kuwa laka zai yi maka. Bango yakan lanƙwashe saboda bushewa; kwantar da shi ƙarƙashin nauyi kwana biyu zai koma. Abin da ba ya komawa shi ne tabon basilin. Lokacin kowa hannunsa da mai, kuma yatsa ɗaya ya isa ya bar tambari har abada. Haka ƙuli-ƙuli, ƙosai da kilishi. Wanke hannu, ka bushe shi, sannan ka ɗauka.

9. Gyara

Shafuka sun zube: jera su bisa lamba, ka buga gefen bayan a kan tebur har ya daidaita, ka matse tsakanin allunan nan biyu ka bar bayan ya ɗan leƙo. Kankare tsohon gam da ya bushe, ka shafa farin gam siriri da buroshi, ka bari ya sha iska, ka sake shafa gam karo na biyu, ka mayar da bango. Ɗora bulo a kai ya kwana. Shafi ɗaya ne ya fita: ɗan gam a bakin tsinken ashana, ka bi gefensa, ka tura shi wurinsa.

Salatif haram ne a wannan aiki. Wata shida a zafinmu zai narke ya bar tabo ruwan ƙasa, ya manne shafin da ke kusa. Gam mai kamawa nan take shi ma ƙona takarda yake, ya bushe kamar gilashi. In aikin ya fi ƙarfinka, kai wa masu ɗinkin kundin ɗalibai, amma ka tsaya a kansu ka ce kada a datse gefe, don injinsu zai tafi da zane.

Ya jiƙe: kada rana, kada dutsen guga. Sa farar takarda tsakanin shafuka kana sauyawa, ka tsayar da shi a buɗe gaban fanka a inuwa, in ya kusa bushewa ka danne. Masu launi da santsi ka raba shafukansu tun suna jiƙe, in suka bushe a manne shi ke nan.

10. Aro

Gara ba ta gaishe ka kafin ta ci, shi ya sa ta fi ɗan aro sauƙin sha'ani. Hana aro gaba ɗaya ba zai yiwu ba, a ce maka marowaci, kuma daɗin abin ma a sami wanda za ku yi gardama da shi a majalisa bayan Isha'i. Amma da ƙa'ida.

Juzu'i ɗaya ake bayarwa, sai ya dawo na gaba ya fita. Wannan kaɗai ya isa, don son jin ci gaba shi zai dawo maka da shi. A rubuta a rajista a gabansa, da rana, mako ɗaya. A ba shi a leda, a dawo da shi a leda. Aro a kan aro babu. Wanda ke da nasa, ku yi musanya, naka a hannunsa nasa a hannunka. Wanda ka san gidansu da ƙananan yara, ko mai shirin tafiya, ka shimfiɗa masa tabarma a zaure ya karanta nan.

Na koyi wannan na ƙarshen ne da juzu'i na 7 na labarin da na fi so. Wani abokina ya karɓa ana saura kwana uku ya tafi bautar ƙasa, ya ce, "Haba Yaya, jibi-jibin nan za ka gan shi." A jerin da ke kantata, tsakanin 6 da 8, na sa guntun katako daidai kaurinsa don sauran kada su karkace. Idan kai ma aka yi maka giɓi, haka za ka yi, ka rubuta lambar a takarda ka ba mai gwanjonka ya riƙa duba maka.